Tulun Kaka da Saiwar Jema

Ranar da aka kai Kaka makwancinta, zafin bazara ya kai inda ko kaji sun daina yawo, sun kwanta a gindin randa baki buɗe. An fara cirar albasa ke nan. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, mun faɗa mun sake faɗa har yawun bakinmu ya ƙafe. Tsakar gidanmu na Jega ta cika da mata, wasu a kan tabarma, wasu a kan turmi, wasu a tsaye jikin katanga don babu wurin zama.

Akwai wata tsohuwa da ta zo tun daga Kuberi, ƙanwar Kaka ce ta wajen uwa. Da ta shigo ba ta yi kuka ba. Ta gaisa da kowa, ta ajiye ƙwaryarta, sai ta wuce kai tsaye gindin dogonyaro inda tulun Kaka yake zaune a kan gammonsa. Ta ɗora bayan hannunta a jikinsa kamar mai duba zazzaɓin yaro. Ta daɗe a haka. Sannan ta ce, "Ya bushe." A nan ne kukan ya ƙwace mata, mu ma namu ya dawo sabo.

Daga zaure muna jiyo muryar malamin makarantar allon unguwarmu yana addu'a. Da ya gama doguwar, sai ya ƙara da wata gajeriya da Hausa: "Allah shi shayar da ita yadda tas shayar da mu." Maza suka amsa da amin mai ƙarfi, har da waɗanda na san sun taɓa yi wa shayinta mai sanyi dariya. Matar babban kawuna kuwa, wadda ta zo daga Aliero, ita ta fi kowa kuka, har sai da aka riƙe ta. Masu tuna rigimarta da Kaka suka riƙa kallon juna.

Mutum ɗaya ne bai ce uffan ba, shi ne kakana, mijinta. Tsoho muke ce masa. Ya karɓi gaisuwa kwana uku da ɗaga hannu kawai. A rana ta huɗu ya shiga ɗakinsa, ya saki asabari, ya juya fuskarsa bango.

Ni jikarta ce. An kawo ni ɗakinta yaye, ta ƙi mayar da ni, a nan na girma har aka kai ni gidan miji. Yanzu ina koyarwa a wata firamare, ina da 'ya'ya uku, amma wallahi har gobe in na rufe ido da rana, abin da nake ji shi ne ɗigar ruwa daga jikin tulun nan, ɗis, ɗis, a kan yashi. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ba na so a ce wata rana a tuna Kaka a ce, "Wata tsohuwa mai kirki," a wuce. Tana da kirki, amma tana da taurin kai, kuma taurin kan nan shi ya haifi shayin da duk dangi suke kuka a kansa.

Kowa ya san a ƙasarmu shayi da zafinsa ake sha. In ka miƙa wa mutum wanda ya huce, ka raina shi ke nan. Kaka ta sha ba ni labarin yadda abin ya faro, tana tsince ganyen shayi a faifai. Tana amarya, ɗiyar makiyaya da aka kawo gari, nono da fura ta sani, shayi baƙo ne a wurinta. Wata rana Tsoho ya ce ta dafa masa kafin ya dawo kasuwa. Ta dafa tun azahar, shi bai shigo ba sai bayan la'asar. Ya kurɓa ɗaya, ya furzar a gaban ƙannensa, ya ce, "Ke Bahillata, mi ne wanga? Shayi ko ruwan wanki?"

"Ban ce mai komi ba," in ji Kaka. "Amarya nike, ina ni ina magana? Amma na hwaɗa ma raina, wallahi Malam, sai ka sha mai sanyi kana lasar baki."

Haka kuwa aka yi, sai dai bai taɓa yarda ya lashi bakin a gabanta ba.

Ba ta tafasa ganye. Ta ce masu tafasa shi azaba kawai suke ba shi, shi kuma ya rama da ɗaci. Ruwa take tafasawa da dakakkiyar citta da kanumfari 'yan ƙwayoyi, ta sauke tukunyar, ta bari ta daina huci, sannan ta watsa ganyen ta rufe da faifai. Ba ta da agogo. Takan tashi ta yi alwala a natse, in ta dawo ya yi. Ta tace da farin ƙyalle, kuma kaitonka in ta ga ka matse ganyen. Na taɓa matsewa ina 'yar shekara goma don ina ganin asara ce a bar ruwa a ciki, ta buge mini hannu da ludayi, ta ce, "Abin da ganye ya ba ka da son ranshi shi ka da daɗi. Na dole bar mai kayanshi." Sukari yana shiga tun da sauran zafi. Sai a bar shi a inuwa har yatsa ya iya zama a ciki, kafin a juye a tulu. Tulun kuma a naɗe yake da jiƙaƙƙen buhun algarara, duk bayan salla sai ta yayyafa masa ruwa, iska tana bi ta gindin dogonyaro tana yin nata aikin. Lemun tsami sai an zo sha. Na'a-na'a kuwa ba ta yanka shi, tafa shi take yi a tafin hannu sau ɗaya, tas, ta jefa.

Akwai abu guda kuma. A can ƙasan tulun akan sami ɗan ƙullin saiwar jema, wata ciyawar fadama, ɗaure da zare. Ita ke ba shayin wannan ƙamshin da ke tuna wa mutum ƙasa in ruwan farko ya sauka. Ban taɓa ganin Kaka ta saye ta ba. Kawai duk ranar da za ta yi shayi, da safe za a iske saiwar a ajiye a bakin tulu, a wanke tas. Na tambaye ta ina yarinya, "Kaka, wa ke kawo wannan?" Ta yi murmushi ta ce, "Wani tsohon aljani na. Ba ya magana, sai kawo kaya." Ni da wautata na yarda, na shekara ina bin gefen tulun da bisimilla. Da na girma kuma abin ya zama jiki, ban sake tambaya ba.

Babbar ranar shayin nan ita ce wadda a gidanmu muke kira tuwon albasa. Duk shekara in an gama cira an zuba a rumbu, kawunnaina na Aliero da na Jiga Birni sukan taho da iyalansu, a yi tuwon shinkafa da miyar kifi, a ci tare bayan magariba. Maza a tabarmin gabas, mata a na yamma. In an kusa fara ci, Kaka da kanta takan zuba shayi a wani kofin silba mai lotsattsen gefe, ta kai wa Tsoho. Duk gida sai a yi tsit, don kowa ya san abin da zai biyo baya. Tsoho ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya ce:

"Sukari ya yi yawa."

Ita kuma ta miƙa hannu ta ce, "To, kawo in zubas."

Sai ya ƙanƙame kofin da hannu biyu, ya kau da kai, ya shanye. A kwashe da dariya, sannan a sa hannu a tuwo. Tun ina ɗiyar goye nake ganin wannan, kuma ba su taɓa canja ko kalma ɗaya ba. Wata shekara na ga da idona Kaka ta manta sukarin gaba ɗaya, amma Tsoho ya ce ya yi yawa.

Rigimarta da matar babban kawu a kan ƙanƙara ce. Shekarar da aka kawo ta, ta so ta burge uwar miji, ta sayo dunƙulen ƙanƙara a kasuwa, ta farfasa da taɓarya, ta antaya a tulu Kaka na salla. Kai, ranar mun ga abu! Kaka ta ɗanɗana, ta ajiye ludayi a hankali, ta ce, "Ɗiyata, sanyi kin ƙara man ko ruwa?" Kwana biyu ba ta amsa gaisuwarta da baki ba, sai da ka. Yarinya ta yi ta kuka a bayan ɗaki. A rana ta uku Kaka ta dafa shayi, ta ƙulla shi a ƙananan ledoji, ta kira ta ta ce, "An ce kuna da injin sanyi Aliero. Tahi da wanga ki daskarar. In za a sa ƙanƙara, ta shayi za a sa, ɗan'uwa shi sanyaya ɗan'uwanai." Daga wannan shekarar ƙanƙarar tuwon albasa ta zama aikinta, ba mai taɓa mata shi. Takan iso da ita a naɗe cikin bargo, tana haki, Kaka na yi mata tsiya wai ta ɗauko jariri.

Haka take. Faɗanta ba ya wuce kwana uku, kuma ba ta ba da haƙuri da baki, sai dai ta nemo maka wani aiki da zai ɗaure ka a jikinta. Mai tallar ruwa na unguwa yana da kofinsa a gidanmu. Matan ruga in sun shigo tallar nono rana ta dake su, gindin dogonyaronta suke sauke ƙwarya, su yi ta fira da Fillanci, ni ina kwance a cinyarta ina jin maganar tana nisa tana dawowa har barci ya kwashe ni.

To, ga shi ta tafi, ga albasa ta shiga rumbu, ga Tsoho a bayan asabari. Kunu cokali biyu yake sha ya ture. An kawo likita ya duba shi, ya ce bai ga cuta ba. Wuyansa ya zama kamar na zakara, zoben azurfarsa ya riƙa zamewa daga yatsa. Na shiga ina yi masa wasan jika, na ce, "Angona, ka tashi mana, ga amaryarka ta zo," ko juyowa bai yi ba. Na fito na zauna a bakin rijiya na yi kuka mai isata. Tsoro nake ji ƙwarai, don na ga alamar bin ta yake son yi.

Babban kawu ya ce a bar tuwon albasa bana, ba a taro a gidan makoki. Gwaggona, babbar ɗiyar Tsoho, ta ce atafau. "In ba mu yi ba bana, baɗi ba mu iske shi. A yi, ko Allah na sa shi hito." Sai ta juyo ta dube ni. "Ke kika tashi ɗakinta. Shayi naki na."

Na ce ai wannan mai sauƙi ne. Na jiƙa tulu ya kwana biyu yana shan ruwa. Na je kasuwa wurin masu kayan ƙamshi na sayo jema, wata busasshiya da ta daɗe a rumfa har ta yi fari. Na yi komai yadda Kaka ke yi, har alwalar. Na kai wa Gwaggo na gwaji. Ta kurɓa, ta juya shi a baki, ta girgiza kai.

"Shayi dai shayi na. Amma ba nata ba ne. Ina kika samo jema?"

"Kasuwa mana."

Ta dube ni kamar na yi saɓo. "Kasuwa? Ke duk zamanki gidan ga ba ki san wa ka kawo ta ba? Kakanki na. Duk jajibirin shayi shina tahiya hwadamarshi ta Fagada shi tono, shi wanke, shi aje mata bakin tulu in ya dawo sallar asuba."

Allah sarki, ashe aljanin nan da na shekara ina tsoro shi ne wanda nake ja wa gemu.

Ban iya tunkarar Tsoho da maganar ba. Ranar Alhamis da safe na ɗauki 'yar fartanya na sa a jaka, na shiga motar haya zuwa Fagada. Na san fadamar, muna zuwa cin rake muna yara. Abin da ban sani ba shi ne ciyawa, domin ni duk doguwar ciyawa ɗaya ce a idona. Ga manoma nan suna ban-ruwa, amma girman kai na malamar makaranta ya hana ni tambaya. Na ga wani tushe ƙato, na duƙa na yi ta sara har tafin hannuna ya yi bororo, na cika leda da saiwa, na dawo gida ina jin na yi abin kai.

Rijiyarmu tana daf da ƙofar ɗakin Tsoho. Ina tsugune ina wanke saiwar, sai na ji murya ta bayan asabari, a dushe, amma da faɗa a cikinta.

"Ke! Mi kike wankewa nan?"

Na tsayar da wankin. Kwana ashirin ban ji ya haɗa kalma huɗu ba. Na ce, "Jema ce, Tsoho."

Asabari ya ɗaga. Ya leƙo, ya ƙura wa kwanon ido.

"Jema? Wagga jema? Gamba ta! Gamba kika tono, ta zana! Ita za ki sa cikin tulunta?"

Tulunta. Tun da ta rasu bai ambace ta ba sai a wannan kalmar. Ya dafa bango ya miƙe, yana ta sababi, wai an kai yara boko sun dawo ba su san gamba ba su san jema. Ya ce a miƙo masa hula da sanda. Gwaggo ta fito daga madafa da muciya a hannu ta tsaya baki sake. Wallahi ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Bayan la'asar ƙaramin kawu ya ɗauke mu a motarsa ta ɗaukar albasa. Da muka isa, Tsoho ya ƙi a riƙe shi. Ya bi kunya-kunya a hankali, ya wuce inda na yi ɓarnata da safe ya yi tsaki, ya gangara can gefen wani ɗan tafki da ya kusa ƙafewa. Rana ta yi laushi, balbelu suna sauka. Ya nuna wani tushe da sanda. Ya so ya duƙa, gwiwa ta ƙi, sai ya zauna a ƙasa ya ce in tona. Da saiwar ta fito ya karɓa, ya kakkaɓe ƙasar, ya kai hanci. Ya rufe ido. Na ɗauka barci ya ɗauke shi, don har inuwar sandarsa ta matsa bai motsa ba.

Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ran da nac ce ma shayinta ruwan wanki, na ji kunya. Ɗiyar mutane, ba ta san kowa ba garin. Ni ko ban iya ba da haƙuri ba. Sai nig ga tana hwama da wani tulu. Niz zo nan nit tono wagga, nij je na aje mata." Ya juya saiwar a hannunsa. "Ba ta ce man ta gani ba. Ni ma ban ce ni na kawo ba. Haka munka yi ta yi."

Na ce, "Ta ce mini wani tsohon aljani ne ke kawo mata."

Ya buɗe ido. Wani abu mai kama da dariya ya taso masa. Ya ce, "Bahillata ke nan." A hanyar dawowa saiwar tana cikin aljihunsa, ya ƙi ba kowa.

Da safiyar Juma'a, ranar tuwon albasa, na fito, na iske saiwar a bakin tulu, a wanke tas, ɗaure da zare.

Na dafa ruwa, na sauke, na watsa ganye, na je na yi alwala ina hawaye. Ban matse ba. Na yayyafa wa buhu ruwa da azahar, na ƙara da la'asar. Matar babban kawu ta iso da ƙanƙararta a cikin bargo, ta tsaya a tsakar gida tana jiran mai yi mata tsiya, babu, sai ta ajiye a hankali ta shige ɗaki. Bayan magariba aka shimfiɗa tabarmi, aka jera kwanonin tuwo. Tsoho ya fito da kansa ya zauna a wurinsa. Ba wanda ya sa hannu a abinci.

Na matsa lemun tsami, na tafa na'a-na'a, na jefa ƙanƙara biyu a kofin silba mai lotsattsen gefe. Daga tulu zuwa tabarmar gabas taku goma ne, amma na ji kamar na taka zuwa Kuberi. Na durƙusa na miƙa masa.

Ya karɓa. Ya shaƙi ƙamshin. Ya kurɓa. Sai ya ɗaga kai, ba ni ya duba ba, sama da kafaɗata ya duba, daidai inda fuskar Kaka take kasancewa in ta tsaya. Ya ce, a hankali:

"Sukari ya yi yawa."

Gida ya yi tsit. Ana jin ɗigar tulu daga gindin dogonyaro. Ya ci gaba da kallon wurin yana jira, na ga kofin ya fara karkacewa a hannunsa. Ban san lokacin da na miƙa hannu ba.

Na ce, "To, kawo in zubas."

Ya sauko da idonsa kaina. Hawaye suka gangaro suka shige gemunsa. Sai ya ƙanƙame kofin da hannu biyu, ya kau da kai, ya shanye tas, har ƙanƙarar ya tsotsa. Gwaggo ta fashe da dariya da kuka a haɗe, duk gida aka ɗauka. Shi kuwa ya goge baki da bayan hannu, ya dubi babban kawu ya ce, "Kai kuma mi kake kallo? Turo man kwanon ga."

Allah Ya sanyaya miki makwanci, Kaka, Ya yafe miki, Ya shayar da ke abin da ya fi naki daɗi. Tulunki bai bushe ba. Tsohon aljaninki kuma ya ci tuwo, malmala ɗaya da rabi.